Yayana Ya Murɗa Notin Bindigata

Inna Ardis,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Bikin Godiya, da dangi ke taruwa cin abinci a ƙarshen Nuwamba, ta zo. Idan na zauna a teburin mahaifiyarmu da wannan zuciyar da nake ciki, ina tsoron in gaya wa yayana maganar da ba ta goguwa. Ni mutum ne mai rubuta abin da ya same shi kowace yamma, tun ina sakandare, kuma yawanci idan na zuba abu a takarda sai ya huce. Wannan ya ƙi. Kullum na rubuta sai in ji ya ƙara tafasa.

Shekaruna arba'in da biyu, ina tuƙa tankar gas, ina kai wa gidajen makiyaya na ɗumama ɗaki. Na canza sunaye, ko da yake na san aikin banza ne, tunda shanun gundumar nan sun fi mutanenta yawa, kuma rabin mutanen suna wurin da abin ya faru.

Yayana, bari in kira shi Delmar, ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Ina firamare mahaifinmu ya rasu, shi ya koya mini tuƙi, da ɗaurin waya a shinge, da harbi. Har yau Auta yake kirana, ko a gaban 'ya'yana. Mun daɗe muna shiga gasar harbin nesa ta mutum biyu-biyu. Ɗaya ya kwanta yana harbin farantan ƙarfe da aka kakkafa a kan tuddai, wasu nisansu ya haura yadi dubu, ɗayan kuma yana kan madubin hangen nesa yana karanta iska, yana faɗin inda harsashi ya sauka. A karatun iska babu kamar Delmar a wannan yanki. Ciyawa kawai zai kalla ya ce maka ka ɗan karkata hagu, ka harba, ka ji ƙarfe ya amsa.

Ke kin san bindiga, tunda marigayi mijinki gyaranta ne sana'arsa, amma bari in yi bayani saboda masu karatu. Tawa irin mai ɗura kanta ce. Idan an harba, wani ɓangare na hayaƙin albarushi yakan bi ta wata 'yar ƙofa a jikin bututu ya dawo baya, ya tura sakata, ta tofar da kwanso ta ɗauko sabon harsashi. A kan ƙofar nan akwai ɗan noti da ake murɗawa da siririn makulli, kowane motsi ya yi ƙas. Ka buɗe da yawa, bindiga ta riƙa naushinka tana tsalle. Ka matse da yawa, sakata ta kasa komawa baya, bindiga ta tsaya.

Tun ƙarshen damina nake kan notin nan. Duk Asabar. Na rufe shi ruf, na sa harsashi ɗaya tak a gidansa, na harba, na buɗe ƙas ɗaya, na sake. Haka na yi ta yi har na kai inda sakata take komawa baya ta tsaya da kanta. Na shimfiɗa tamfol a damana ina duba inda kwanso yake faɗuwa, na gwada da salansa mai rage ƙara, na gwada ba salansa, na canza albarushi, na dawo. Mutane kan ƙara ƙas biyu ko uku bayan sun sami wurin, don a bar wa bindiga sarari. Ni ɗaya na ƙara. Ranar da na gama, Inna, kwanson nan tuli ɗaya yake taruwa kamar an jera da hannu, bindigar kuma ba ta motsi a kafaɗata. Na ari jan farcen matata Tressa na ɗiga a kan notin da jikin ƙarfen, don in san wurin ko ido rufe. Ban taɓa yin wani abu da hannuna da na ji daɗinsa haka ba.

Dalilin da ya sa na matse shi haka, ina so in riƙa ganin saukar harsashina da idona. Idan bindiga ba ta tsalle, madubi ba ya barin faranti, sai ka ga ƙurar da kanka ka gyara. Na ce zan faɗi komai, to bari in faɗa. Tun bara kiran Delmar ya fara kaucewa. Zai ce ƙasa ta hagu, alhali ni na hango ƙura ta tashi sama. Idan rana ta yi ƙasa yakan rage gudu a mota har na baya su yi ta danna masa ham. Ta ina mutum zai fara gaya wa Delmar cewa idonsa ya ja baya? Sai na ga gara in gyara bindigar yadda ba sai na jira bakinsa ba, shi ke nan, ba wanda ya ji kunya. Wata rana muna gwaji na kuskure, na gyara, na sami faranti tun bai buɗe baki ba. Ya ɗago daga madubi ya dube ni ya ce, “To, ashe Auta ya yi ido huɗu.” Muka yi dariya, ko dai ni na yi. Wannan ba shi ne zancen ba, na dai kawo shi ne don ki san ba don wasa na matse notin ba.

Ranar gasar, farkon Nuwamba, sanyi ya sauko mana daga dutse da dusar ƙanƙara. Yatsu ba sa lanƙwasuwa. Harbin farko ya tafi, na ja kunama na biyu, shiru. Sakata ba ta kai baya ba. Sai da hannu nake ja bayan kowane harbi, lokaci ya ƙare mana a zango na farko, ya sake ƙarewa a na biyu. Delmar ya ce in buɗe mata hayaƙi. Na ce ya dakata, ina zargin man da na shafa ne ya daskare, bari in goge in sa mai ruwa-ruwa tukuna, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Ya ce gasa muke yi, ba makaranta ba. Na kwantar da bindigar a kan layi yadda doka ta ce, sakata a buɗe, 'yar tutar da ke nuna ba harsashi a ciki, na tafi akori-kurata ɗauko man.

Na dawo na shafa, aka kira mu. Harbin farko ta naushe ni a kafaɗa kamar ba tawa ba. Hayaƙi ya bugo mini ido ta baya, hawaye ya cika su, kwanso ya yi gaba can cikin ƙanƙara. Amma ta ɗura. Ta ci gaba da ɗurawa har ƙarshen ranar. Ban ƙara ganin saukar harsashi ko ɗaya ba, sai muryar Delmar a kaina, sama, hagu, riƙe nan, harba. Wasu mun samu, wasu mun kuskure. Muka ƙare a tsakiyar jeri.

Da muka tashi daga zangon na duba notin. Jan ɗigon ya rabu biyu, rabi nan, rabi can. Na tambaye shi ƙas nawa ya buɗe. Ya ce, “Ban ƙirga ba, Auta. Na dai murɗa har na ji hankalina ya kwanta.”

Inna Ardis, ke 'yar ƙasar nan ce. Mutum zai iya ɗaukar motarka bai tambaya ba, makulli na ciki. Zai iya shiga gidanka ba ka nan ya dafa kofi ya sha. Amma hular mutum da bindigarsa ba a taɓawa sai ya miƙo da hannunsa. Wa ya koya mini wannan? Delmar. Ina yaro na ɗaga bindigar wani maƙwabcinmu daga kan shinge don in duba, ya buge mini hannu har ya kumbura, ya sa na je na ba mutumin haƙuri. Shi ne yau ya jira na juya baya, ya zaro makulli daga jakata, ya lalata aikin wata biyu. Kuma ya bar ni na kwanta a bayan bindigar da aka canza ban sani ba. A wurin aikina, wanda ya taɓa famfon tankar wani bai faɗa ba, ranar zai ajiye makullin mota.

Da a nan ya tsaya, wataƙila da na haɗiye. Da yamma aka taru a zauren kulob ana cin wake da nama mai yaji, kowa ya gaji, ana raha. Sai Delmar ya miƙe da kofinsa ya ba da labarin. Ya ce bindigar Auta asma gare ta, ya same ta kwance tana numfashi sama-sama, mai ita ya tafi neman littafin da zai duba, shi kuwa da yake mai tausayi ne ya ba ta magani. Har da kwaikwayon tarin. Zaure ya ɗauka. Tsoho Orrin, alƙalin gasar, wanda na taɓa ganin ya kori mutum daga fili saboda ya ɗaga bindigar abokinsa ba izini, shi ma har da buga tebur. Wani ya ce in riƙa sa mata rigar sanyi. Na yi murmushi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba. Bayan kwana kaɗan na shiga tankata na tarar an ajiye mini abin shaƙar nan na masu asma a kan kujera. Yanzu ko shagon abincin dabbobi na shiga sai wani ya yi tari.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Na mai da notin kan ɗigona, na goge man tas, na fita da ita wata safiya mai sanyi. Ta sake tsayawa. Ba mai ba ne. Gaskiyar Delmar ce, hayaƙin ne bai isa ba. Tressa ta ce to mene ne na fushi, bindiga ta yi aiki ko ba ta yi ba? Ta ce ni da yayana duk kan dutse gare mu, bambancin kawai ni ina rubuta nawa. Wani lokaci sai in ce wataƙila ni ne ƙaramin mutum, an cece ni ina ƙorafi. Sai in tuna jan ɗigon nan a rabe, raina ya sake ɓaci. Da ya bari, da ni ma na kai ga notin, a zango na gaba ko na bayansa. Ina ganin da na kai. Ban sani ba.

Ƙarshen watan nan za a rufe rajistar gasar bazara. Wani abokin aikina, mai kyan hannu, ya nemi mu shiga tare. Delmar kuwa saƙo yake ta turo mini kamar ba abin da ya faru: in sa sunanmu ko shi ya sa? Ban amsa ba. Mama ta kira tana tambaya ko ni zan ɗauko shi ranar biki, tunda ba ya son tuƙin yamma yanzu. Bai ba ni haƙuri ba, kuma na san shi, ba zai bayar ba. Ban taɓa harbi a gasa da wani a kan madubina ba sai shi. In rabu da shi in huta, ko in haɗiye in zama Auta har in mutu?

Mai Jan Ɗigo, daga gindin tsaunukan Bighorn


Ɗana Mai Jan Ɗigo,

Ka sauke kafaɗa. Fushinka yana da tushe, kuma ba ƙaramin mutum ba ne kai. Yayanka ya yi laifi biyu. Ya taɓa bindigarka ba izini, ya bar ka ka harba ta ba ka san an canza ta ba, wannan ba a yi, ko da sakamakon ya yi kyau. Sannan ya mai da kai abin dariya a gaban mutane. Na biyun ma ya fi na farkon muni, don na farko a cikin zafin gasa ya yi shi, na biyu kuwa cikinsa cike da wake. Shi ma alƙalin naku da ya buga tebur, idan yana karanta wannan, ya san na ji.

Amma kada ka haɗa tambaya biyu wuri ɗaya. Ko bindigar tana bukatar hayaƙi, tambaya ce daban. Ko yana da ikon murɗawa, ita ma daban. Amsar ta farko i, ta biyu a'a. Matarka ta amsa ta farko, kai kana ta kuka da ta biyu, shi ya sa ba ku jin juna.

Bari mu gama da ƙarfen tukuna, shi ya fi sauƙi. Ka daidaita ta a lokacin ɗumi, tana wanke tas, ka tsayar da ita a bakin gaɓa. Sanyi yana rage wa albarushi ƙarfi, datti yana ƙara wa sakata nauyi, kuma a Wyoming muke, ƙasar sanyi. Mijina yakan ce wa masu kawo masa irin taka su koma su daidaita ta a ranar da ta fi muni, ba ranar da ta fi daɗi ba. Aikinka bai lalace ba, ɗigonka yana nan, na rani ne. Ka nemi na hunturu, ka sa masa wani launi. Tressa tana da wani jan farcen, na tabbata.

Yanzu ga inda za ka ji haushina. Ka rubuta mini sakin layi guda a kan idon yayanka, ka rufe da cewa wannan ba shi ne zancen ba. Shi ne zancen, ɗana. Mutumin nan abu ɗaya aka san shi da shi, karatun iska. Ka lura idonsa ya fara gazawa, ba ka gaya masa ba, ka je ka shafe wata biyu kana gyara bindiga yadda ba za ka ƙara bukatar bakinsa ba. Ka ɗauka bai gane ba? Ranar da ya ce ka yi ido huɗu, ya gane sarai. Ka ce kai ka yi dariya, ba ka tabbatar shi ya yi ba. Ban ce da gangan ya buɗe notin fiye da kima don ka dawo kana sauraronsa ba, ban shiga zuciyarsa ba. Na dai lura cewa ranar nan ya sake zama mai kira, kuma da yamma ya kasa yin shiru da murnar abin. Kai ka karɓe masa aikinsa a ɓoye don kada ya ji kunya. Shi ya murɗa notinka a ɓoye don kada ku faɗi. Kowannenku ya gyara ɗan'uwansa yana juya baya. Naka ya fi nasa ladabi, amma shi ma ya ji zafi.

Ga abin da nake so ka yi. Kada ka kai wannan teburin mahaifiyarku. Kafin bikin, ka ɗauke shi ku je filin harbi ku biyu, da safe, cikin sanyi. Ka gaya masa a fili, ba tare da dogon bayani ba, cewa ya taɓa bindigarka kuma ya yi maka dariya a zaure, kuma ba ka yarda a sake ba. Ka tuna masa hannunka da ya buge. Kada ka tsaya jiran kalmar haƙuri, irin su Delmar da wuya su furta ta. Ka duba ko ya daina ba da labarin asmar, ko ya tsawata wa masu tari. Idan ya yi, haƙurin ke nan, ka karɓa.

Daga nan sai naka, kuma ya fi nauyi. Ka gaya masa abin da ka gani tun bara, da dalilin da ya sa ka matse notin. Zai yi faɗa, bar shi ya yi. Ka ce za ka kai shi wurin likitan ido da kanka. Ni ba likita ba ce, amma a shekarunsa sau da yawa yanar ido ce ko bukatar tabarau, abubuwan da ake gyarawa. Mutumin da yake tsoron tuƙin yamma ya riga ya san akwai matsala, abin da ya rasa shi ne wanda zai faɗa masa ba tare da ya raina shi ba. Gasa wasa ce. Hanyar dutse da magariba ba wasa ba ce.

Abokin aikinka ya ɗan jira. Idan kun yi maganar nan Delmar ya ce shi bai ga laifinsa ba kuma gobe ma zai murɗa, to ka shiga gasar bazara da wani, ba tare da gaba ba, ka kuma ɗauko shi ranar biki duk da haka. Amma ban zaci za a kai nan ba. Mutumin da yake ta tambaya ko a sa sunanku, tsoro yake ji kada amsar ta zama a'a.

In kun gama, ku nemi ɗigon hunturun tare. Kai ka riƙe makullin. Shi ya tsaya a damanka ya faɗa maka inda kwanso yake faɗuwa, wannan idonsa zai gani ko a yau. Kuma ka sa shi ya ƙirga.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba yayanka lafiyar ido. Ka gaishe mini da Mama.

Inna Ardis